Wanda Ya Taɓa Sha Ya Daina: Shaye-shaye da Tantance Masu Neman Aikin Hukuma

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta yi arewa, ko dai ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko kuwa wadda ta ratsa Dambatta ta nufi Kazaure da Daura, zai yi tafiya mai nisa bai ga abin da za a kira daji ba, sai gona ta jingina da gona, gida yana hangen gida, ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya suna tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Ƙasa ce da aka daɗe ana nomawa shekara bisa shekara ba a bari ta huta, ana ciyar da ita da takin dabbobi da tokar murhu da sharar birni, har masana na ƙasashen waje irin su Michael Mortimore suka riƙa zuwa tun shekarun 1960 suna nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke rayuwa a kan ƙasa kaɗan haka. Amma gonar da kakanni suka bari, idan aka raba ta gado tsakanin 'ya'ya, aka sake raba ta tsakanin jikoki, abin da yakan faɗo wa saurayin yau bai wuce 'yan kunyoyin da ba za su riƙe shi da iyalinsa daga wannan kaka zuwa waccan ba. Saboda haka ne idon samari da na iyayensu yake kan aikin hukuma, watau soja da ɗan sanda da kwastan da shige da fice da malanta, ko kujerar kansila ga wanda ya shiga siyasa, domin albashin mutum ɗaya a gida yakan sayi takin zamani, ya biya kuɗin magani, ya kuma aurar da ƙanne.

To, a bakin wannan ƙofa da kowa yake ɗoki, yanzu an kafa wani sabon sharaɗi wanda iyayenmu ba su san shi ba a zamanin En'e, shi ne binciken ko mai neman aiki yana shan ƙwaya. Daga nan ne wata tambaya take tasowa a zaure da majalisa, wadda galibi akan yi ta da murya ƙasa-ƙasa: yaron da ya taɓa faɗawa cikin shaye-shaye a ƙuruciya, daga baya Allah ya shirye shi ya daina, shin ƙofar amanar hukuma ta rufe masa ke nan har abada?

Ba 'yan kaɗan wannan tambaya ta shafa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda a Nijeriya. A jihar Kano kuwa an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, watau mutum miliyan ɗaya da ɗoriya. A shekarar 2018 ne kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda kwalabensa suke malala a kasuwa. Amma wanda ya san ƙauye ya san cewa hanyar da ƙwaya take shigowa cikinsa dabam take da ta birni. A nan sau da yawa ba neman nishaɗi ke kawo ta ba, wahala ce. Saurayin da zai yi ƙwadago daga fitowar rana zuwa la'asar, yana huɗa ko yana noman farko a gonar wani, ko yana ban ruwa a fadamun Watari da Tomas, ko yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau, shi ne abokin aiki zai miƙa wa tiramol ya ce masa maganin gajiya ne. Wani kuwa a wurin cin rani ya koyo wiwi ko sholisho, inda babu idon uba balle na malami. Wannan ba uzuri ba ne a shari'a, haram haram ce ko da gajiya ta kawo ta, amma wajibi ne mai hukunci ya san ta inda cutar ta shigo, domin yaron da ya sha a daminar shekara biyu ya bari ba daidai yake da wanda ya mayar da ita abincinsa ba.

Lalle hukuma tana da hujja mai ƙarfi ta yin bincike, kuma bai kamata wani mai hankali ya yi jayayya da ita a nan ba. Wanda za a damƙa wa bindiga, ko mabuɗin baitulmali, ko takardun asiri na ƙasa, ana bukatar hankalinsa ya kasance a jikinsa dare da rana. Mashayi kuma ba ya rabuwa da bukatar kuɗi, mai bukatar kuɗi a koyaushe kuwa shi ne ya fi saurin miƙa hannu ga rashawa. Akwai dalili na uku wanda jama'a ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne ya fi damun ma'aikatan tsaro, watau cewa mutumin da yake ɓoye wani abin kunya ya riga ya ba duk wanda ya san asirinsa linzamin jansa, dillalin da yake sayar masa da ƙwaya yana iya ce masa ko ka faɗa mini ranar da za a kawo samame ko in tona ka. A tarihin Musulunci ma an san cewa Sayyidina Umar ya tuɓe Ƙudamatu ɗan Maz'unu daga mulkin Bahrain ya tsayar masa da haddi a kan shan giya, bai duba cewa sahabi ne da ya halarci Badar, kuma surukinsa ne ba. Saboda haka wanda yake sha a halin da yake riƙe da amana, maganarsa a yanke take.

Yadda ake tantancewa a ƙasar nan ya kasu hanyoyi dabam-dabam. Ta farko ita ce ta takardu, wadda kowane saurayi da ya taɓa neman soja ya san wahalarta: shaidar ƙaramar hukuma, wadda ba ta samuwa sai an bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, da shaidar babban jami'in 'yan sanda na yanki, da takardar mai tsaya masa wanda zai sa hannu cewa ya san halinsa. Ga manyan muƙamai kuwa, irin na ministoci da kwamishinoni da shugabannin hukumomi, akwai binciken hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, wadda aka kafa a 1986, wadda kuma ɗan wannan yanki, Yusuf Magaji Bichi, ya shugabanta daga 2018 zuwa 2024. Ma'aikatanta sukan duba takardun mutum da tarihinsa, su kuma tambayi waɗanda suka san shi, kana su miƙa rahoto wanda mai shi ba ya gani. Sai kuma hanyar da ta fi sabunta, watau gwajin fitsari a hannun hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa da doka mai lamba 48 ta 1989, wadda kuma tun da Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a 2021 take ta kira da a gwada masu neman mulki da ma'aikata da ɗalibai, tana cewa manufar gwajin ita ce a gano mai matsala da wuri a yi masa magani.

Jihar Kano tana cikin waɗanda suka fara aiki da wannan. Gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021, a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, an gwada 'yan takara, aka kuma ba da sanarwar cewa mutum 13 masu neman kansila sun faɗi, aka maye gurbinsu da wasu. Gabanin zaɓen Oktoban 2024 kuma, a zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, ofishin NDLEA na Kano ya bayyana cewa an sami alamun ƙwayoyi a jikin mutum 20 daga cikin masu neman takara. A ƙarshen 2025 gwamnatin tarayya ita ma ta ba da umarnin a riƙa gwada duk mai neman shiga aikinta kafin a ɗauke shi. Abin yabo ne cewa gwamnatoci biyu na Kano da a lokacin ba sa ga maciji sun haɗu a kan wannan al'amari guda.

Sai dai ya kamata mai karatu ya fahimci abin da kwalbar fitsari take iya gani da abin da ba ta iyawa. Yawancin ƙwayoyi, irin su kodin da tiramol, alamarsu takan ɓace daga fitsari cikin 'yan kwanaki. Wiwi ce takan daɗe, har ta kai kimanin wata guda a jikin wanda ya saba da ita ƙwarai. Gwajin gashi ne yake iya komawa baya kamar wata uku, shi kuwa yana da tsada. Ma'anar wannan ita ce, mashayi mai wayo wanda ya san ranar gwaji yana iya kame bakinsa mako biyu ya wuce lafiya lau, alhali wani bawan Allah da likita ya rubuta wa maganin ciwon baya ko na rashin barci yana iya faɗuwa, in ba a tambaye shi takardar likita ba. Ƙaramin abin gwaji na nan take kuma yakan yi kuskure, shi ya sa ƙa'idar masana ita ce a sake tabbatar da duk sakamakon da ya nuna alama a babban ɗakin gwaje-gwaje kafin a yanke wa mutum hukunci. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya wadatuwa da abin da ya gani a bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ya zaro na ciki. Gwajin fitsari bakin buhu kaɗai yake dubawa.

Tun da kwalba ba ta ganin shekarun baya, to da me ake auna su? Da abu biyu ne, rubutun kotu da bakin mutane, kuma a nan ne zalunci yake iya shigowa ba tare da kowa ya yi niyyarsa ba. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da laifin mallaka ko shan manyan ƙwayoyi, ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuma sun hana a ɗauki wanda kotu ta taɓa samu da laifi sai da izini na musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata. Ke nan samari biyu da suka sha abu iri ɗaya a shekara ɗaya, wanda aka kama a samame ba shi da mai fito da shi sunansa ya shiga littafi, wanda gidansu ke da hali kuwa aka kai shi asibiti a asirce ya fito da suna fes. Bakin mutane shi ma ba mizani ne mai adalci ba a ƙasar da gida yake hangen gida. A ƙauye ba a manta wanda aka taɓa gani yana tangaɗi ranar kasuwa, ko da ya shekara goma a sahun farko na masallaci bayan haka, kuma rikicin iyakar gona ko na neman aure ko na jam'iyya ya isa ya sa wani ya tono abin da ƙasa ta rufe. Talaka mai neman aiki ba a miƙa masa wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ce shekara kaza bayan dainawa an yafe, ko kuwa ga inda zai kai kuka in an yi masa ƙazafi. Abin da yake gani kawai shi ne sunansa bai fito ba.

Yana da amfani a dubi yadda Amurka ta tsara nata, ba don komai nasu abin koyi ne ba, sai don sun rubuta ƙa'idarsu kowa yana iya karantawa. Wanda zai riƙe aikin da ake ganin asiran ƙasa a can yakan cika wani dogon fom mai suna SF-86, inda ake tambayarsa ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekara bakwai da suka wuce, da kuma ko ya taɓa sha yana riƙe da irin wannan amana ko yana aikin tsaro, komai daɗewa. Masu yanke hukunci suna bin sharuɗɗa 13 da aka sabunta a 2017, ɗaya daga ciki a kan ƙwayoyi yake. Wanda yake kan sha a halin yanzu doka ta hana a ba shi izinin wannan aiki, babu zancen sassauci. Wanda ya daina kuwa ana duba daɗewar abin, da yawansa, da shekarunsa lokacin da ya yi, da ko ya rabu da abokan shan da wuraren shan, da ko ya kammala magani likita ya yi masa kyakkyawar shaida, sa'an nan ya sa hannu a kan alkawarin cewa in ya koma a karɓe izinin. A ƙarshen 2021 shugabar hukumomin leƙen asirinsu, Avril Haines, ta fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, ko da yake a farkon 2021 an sallami ma'aikata biyar daga fadar shugaban ƙasa a kan al'amuran da suka haɗa da shi. Abin da ya fi kayar da mutane a can shi ne ƙarya, domin wanda ya ɓoye aka gano ya nuna da kansa cewa ba amintacce ba ne a yau, ba a jiya kaɗai ba, kuma ƙarya a wannan fom laifi ne da ɗaurinsa yake iya kai shekara biyar. Wanda aka hana kuma galibi ana rubuta masa dalili, a ba shi damar amsawa da ɗaukaka ƙara.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka aron wannan hikima ba, domin tana cikin littattafan da almajirai suke karantawa a zaurukan malamai daga Bichi har Minjibir. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ba a karɓar shaidar mutum sai an tabbatar da adalarsa, suka kafa babin tazkiyya, inda alƙali yake binciken shaidu a bayyane ta bakin adilai biyu da suka zauna da mutum suka san cikinsa, yake kuma bincike a asirce ta hannun amintaccensa. Ba su yarda da tazkiyyar wanda ya san mutum sama-sama ba, ba su kuma karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. Sun kuma wajabta i'izari, watau kafin a zartar da hukunci a tambayi wanda abin zai faɗa wa ko yana da sauran hujja ko sukar da zai yi wa shaidu. Game da fasiƙin da ya tuba, malamai sun tafi a kan cewa adalarsa tana dawowa idan gyaruwarsa ta bayyana. Shafi'awa da yawa sun ƙayyade shekara guda ta jarrabawa, Malikawa kuwa sun bar abin ga bayyanar alamun kirki. Kowane ɗalibin tarihi kuma ya san ƙissar Abu Mihjan As-Saƙafi, wanda aka sha yi wa haddi a kan giya, har Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ɗaure shi ranar yaƙin Ƙadisiyya, matar Sa'adu ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo, ya yi yaƙi irin na mazaje ya komo ya mayar da ƙafarsa cikin mari, Sa'adu ya sake shi, shi kuma ya yi rantsuwar ba zai ƙara sha ba. Cika alkawarin nan ne ya nuna ko shi wane ne. A birnin Kano ne ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a wajen 1806, bisa roƙon jama'ar garin, don bayyana musu yadda ake naɗa masu mulki da alƙalai da sharuɗɗan da ake nema gare su. Al'ummar da ta gaji wannan ilmi bai dace a ce mizaninta na amana ya tsaya a kan kwalba da jita-jita ba.

Wani zai ce, masu neman aiki sun yi yawa, gurabe kaɗan ne, me zai sa a bar wanda bai taɓa sha ba a ɗauki wanda ya taɓa? Magana ce mai nauyi, kuma ga wasu ayyuka, kamar na masu yaƙi da fataucin ƙwayar kanta ko masu tsaron rumbun makamai, daidai ne a tsananta a tsawaita wa'adi. Amma idan aka mayar da ita doka ga kowane aiki, abin da za a koya wa samari shi ne cewa tuba ba ta da riba a duniya, gaskiya kuma ita ke kayar da mai ita. Uban da ya san cewa kai ɗansa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko wurin masu ba da shawara na NDLEA zai zama tabo a takardarsa har mutuwa, ɓoye shi zai yi a ɗaki, ko ya kai shi irin gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, inda aka sami mutane cikin sarƙa. A ganina takardar da ta nuna mutum ya nemi magani ya kammala hujja ce a gare shi, ba a kansa ba, kuma hukumar da ta rufe ƙofa ga tubabbe ta tura shi ne wurin 'yan siyasar da suke raba wa samari ƙwaya lokacin zaɓe, su ne kaɗai ba sa tambayar tarihin kowa.

Saurayin da wannan magana ta shafa, abin da ke hannunsa shi ne ya daina yau, ba mako biyu kafin gwaji ba, ya canja majalisa da abokai, ya lizimci wani dattijo ko malami ko maigidan sana'a wanda zai iya tsayawa gobe ya ce na zauna da shi shekara kaza ban ga komai ba sai alheri. In likita ya ɗora shi a kan magani, ya tafi wurin gwaji da takardarsa. In an tambaye shi abin da ya wuce a inda doka ta ba da ikon tambaya, ya faɗi gaskiya a taƙaice tare da ranar da ya bari. Suturta kai da shari'a ta kwaɗaitar da shi ba ta halatta rantsuwa a kan ƙarya ba. Masu unguwanni da dagatai su ma sa hannunsu shaida ce da za a tambaye su a kanta gobe ƙiyama, kada su sa wa wanda suka san yana kan sha don kunyar ubansa, kada kuma su hana wanda suka ga shiryuwarsa don tsohon labari.

Babban aikin dai yana wuyan Majalisar Dokokin Jihar Kano da hukumar ɗaukar ma'aikata da hukumar zaɓe ta jiha. Tun da Kano ta riga wasu fara gwaji, ya kamata ta riga su rubuta ƙa'idarsa, a buga ta da Hausa a karanta a rediyo: a faɗi wa'adin da ake bukata bayan dainawa ga kowane irin aiki, a wajabta gwaji na biyu kafin a kayar da kowa, a riƙa gwada waɗanda suke kan kujera ba zato ba tsammani kamar yadda ake gwada masu nema, a tsare asirin sakamako, a kuma buɗe wa wanda aka hana ƙofar da zai kawo hujjarsa. Muna roƙon wakilan Dambatta da Makoda da Kunchi da Tsanyawa da Bichi da Dawakin Tofa, waɗanda 'ya'yan manoman mazaɓunsu suke cikin layin neman aiki, su gabatar da wannan ƙuduri a zauren majalisa.